YA DA ZANGO: DOGON ZAMAN MATAFIYI A BABBAN BIRNI



Gabatarwa

Da aka nemi in zo nan Wudil in yi magana, sai na ga babu abin da ya dace da garin nan kamar maganar tafiya. Wudil dai tana bakin kogi ne, kimanin mil 25 daga birnin Kano, kuma duk wanda ya hau mota daga Kano ya nufi Azare, ko Fataskum, ko Maiduguri, sai ya taka gadar nan tamu. Kafin a yi gada kuwa, matafiyi yakan tsaya a bakin ruwa ya jira masu fito, musamman da damina. Ran Juma'a kuma, in mutum ya shiga kara, zai ji harsuna iri iri, na masu kawo shanu da na masu saye. Saboda haka mutumin Wudil ba ya bukatar a faɗa masa wane ne baƙo.

To, amma ba tafiyar kanta zan yi magana a kai ba. Abin da nake so mu duba shi ne tsayawar da ke cikin tafiyar. Watau mutum ya bar gida da niyyar zuwa wani wuri mai nisa, ya isa wani babban birni a kan hanya, ya ce zai ɗan huta ya nemi guzuri, sai wata ya zama shekara, shekara ta zama goma. Me yake tsai da shi? Yaya yake zama? Kuma yaushe ne yake fita daga sahun matafiya ya shiga na mazauna? Zan fi dogara da misalin mutanenmu da suka bi hanyar gabas da ƙafa zuwa Makka, domin a nan ne al'amarin ya fi fitowa fili.

Ma'anar zango

Kalmar zango tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, shi ya sa ake cewa an ya da zango. Har ila yau, tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki shi ma zango ne, kamar a ce daga gari kaza zuwa gari kaza zango uku ne. Daga nan kalmar ta faɗaɗa ta zama sunan unguwar baƙi, har ya zama a ƙasar Gana da Togo da wuya ka sami babban garin da ba shi da unguwar da ake kira Zango. Ku ɗalibai ma kun gāji kalmar, tun da kuna cewa zangon karatu na farko da na biyu. A cikin duk waɗannan ma'anoni akwai abu guda da bai sāke ba, watau zango wuri ne da ake sa ran tashi daga gare shi.

Malaman fiƙihu sun riga mu tunanin wannan tambaya, domin akwai hukunci a kanta. A mazhabar Malikiyya wadda muke bi, matafiyi yana yin ƙasaru, amma da zarar ya ƙulla niyyar zama kwana huɗu cikakku a wani gari, to, sai ya cika sallarsa. Hanafawa kuwa suka kai kwanakin goma sha biyar. Abin lura a nan shi ne, abin da ake dubawa niyya ce. Mutumin da yake jiran wata bukata, kullum yana cewa gobe ko jibi zai tashi, yana iya daɗewa yana ƙasaru, alhali wanda ya sauka jiya da niyyar wata guda ya riga ya zama mazauni. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mu ma zangon wasu ne

Kafin mu bi mutanenmu zuwa ƙasashen wasu, ya kamata mu tuna cewa ƙasar Hausa ita ma ta daɗe tana riƙe matafiyan da suka zo wucewa. Littafin nan na asalin Wangarawa ya nuna cewa Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa sun taso daga Mali ne da niyyar aikin hajji, amma tafiyarsu ta ƙare a Kano, kuma zuriyarsu tana nan a Madabo da wasu unguwannin birni. Shehu Magili ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki, sa'an nan ya wuce, ya bar zuriya. Alhaji Umarul Futi, a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, ya yi shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837.

A wajen ƙasarmu kuma akwai Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar garinsu Tanja a 1325 don aikin hajji, bai ajiye sandar tafiya ba sai a 1354. A cikin wannan yawo ya yi kusan shekara takwas a birnin Delhi na ƙasar Hindu yana alƙalanci. Ashe ke nan ko mashahuran matafiya, rabin tafiyarsu zama ne. Kuma da wannan zama ne ilmi da sana'a da aure suke shiga gari, domin mai wucewa da sauri ba ya barin kome sai ƙura.

Hanyar gabas da abin da ke tsai da mutum

Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ya fi mil 2,000. A farkon rabin ƙarni na ashirin, maniyyaci yakan bi ta Barno, ya ƙetare kogi a Kusuri ya shiga Fort Lamy, wadda aka sāke wa suna zuwa Njamaina a 1973. Daga nan sai Abashe ta ƙasar Wadai, sai Janaina da Alfashir a Darfur, sai Al'ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a wajen 1912. Daga nan mai kuɗi ya hau jirgi zuwa Hartum, ya zarce Sawakin ko Bur Sudan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba domin nishaɗi mutane suke daɗewa a waɗannan birane ba, akwai dalilai.

Dalili na farko shi ne guzuri. Talaka ba ya iya tara kuɗin da zai kai shi Makka ya komo da shi, don haka sai ya fita da abin da zai kai shi birni na gaba, a can ya yi aiki ya sami na gaba da shi. Tafiyar tana ciyar da kanta ke nan. Na biyu shi ne damina. Ƙasar firƙi da ke tsakanin Dikwa da kogin Shari, da zarar ruwa ya sauka ba ta biyuwa, ko da jaki ko da mota, sai a jira kaka. Tun da kuwa za a jira, gara a nemi gona a yi noma. Na uku shi ne takardu. Turawan Faransa suna da nasu sharuɗɗa, na Ingila da ke Sudan suna da nasu, ga fasfo, ga lambar rigakafi, ga tsarewar kiwon lafiya a Sawakin. Wanda takardunsa ba su cika ba, ko dai ya zauna ya yi ta bin ofis, ko ya ba da kansa ga masu ƙananan jiragen fasa-ƙwauri, waɗanda sukan sauke mutane da dare a gaɓar da ba ruwa ba gari. Ku tuna kuma ba a haramta bauta a ƙasar Sa'udiyya ba sai a 1962, saboda haka akwai waɗanda suka fita da 'yancinsu suka ƙare a hannun masu saye. Na huɗu shi ne abin da ba a shirya masa ba, watau ciwo, ko haihuwa, ko rasuwar abokin tafiya. Na biyar kuwa shi ne karatu, domin almajirin da ya tarar da malamin da ya kwanta masa a rai ba ya tashi sai ya sauke littafi.

To, in ka haɗa waɗannan duka, ba abin mamaki ba ne a ce mutum ya yi shekara biyar ko bakwai ko fiye kafin a gan shi a gida. Shi ya sa a wancan zamani mai niyyar tafiya yakan biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar jama'a, wani ma ya ba matarsa zaɓi, ko ta bi shi, ko ta jira, ko ya sawwaƙe mata.

Yadda zaman yake gudana

A nan ne nake so mu daɗe kaɗan, domin akwai tsari a cikin abin, ba kara-zube ba ne. Baƙon da ya shiga birnin da bai san kowa ba, ba ya tambayar gidan haya, sai ya tambayi inda Hausawa suke. Can zai tarar da sarkin zango ko sarkin Hausawa, shi kuma ya haɗa shi da mai masauki, galibi mutumin ƙasarsu. Bakano wurin Bakano, Bahaɗeje wurin Bahaɗeje.

Mai masauki shi ne ginshiƙin wannan tsari. Shi yake ba baƙo ɗaki ko wuri a zaure, gidansa yake ciyar da shi kwanakin farko, shi yake yi masa tafinta, shi yake ajiye masa kuɗi, shi kuma yake tsaya masa in ya yi rigima da hukuma. Sau da yawa ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana zuwa ta wata hanya, watau la'adar abin da baƙon ya sayar ta hannunsa, ko kamashon da yake samu wurin mai mota ko mai gona da ya kai wa mutane. Duk wanda ya san yadda fatoma da dillali suke aiki a kasuwar shanu ta nan Wudil ya riga ya fahimci wannan. Wani masani, Abner Cohen, ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969, John Works kuma ya bayyana na Hausawan Cadi a nasa na 1976.

Amma fa tsarin yana da baki biyu kamar wuƙa. Mai masauki na kirki yakan ce wa baƙonsa, “Malam, kuɗinka sun isa, ayari zai tashi bayan salla, shirya.” Wanda ba ya tsoron Allah kuwa, tun da amfaninsa yana cikin zaman baƙon, kullum sai ya ce hanya ba kyau, ko ya yi ta ba shi rance har bashi ya ɗaure shi. Mutumin da ya ba ka tabarma, shi ne kuma yake iya hana ka naɗe ta.

Game da sana'a, baƙo yakan zaɓi wadda ba ta bukatar jari mai yawa, ba ta kuma bukatar harshe sosai, kamar ga-ruwa, da dako, da wanki, da yankan farce, da wanzanci, da ɗinkin hula, da tuƙar igiya, da tsire. Malami yakan buɗe makarantar allo, ya yi rubutun sha. Mata kuwa, waɗanda ba a cika ambatonsu cikin labarin nan ba, sau da yawa su suke riƙe da gidan, da ƙosai da waina da ƙuli-ƙuli da kitso, kuma adashinsu ne yakan biya kuɗin mota. Ku lura, duk sana'o'in nan irin waɗanda mutum yake iya naɗewa ne ya sa a buhu ran da zai tashi. Ran da ka ga baƙo ya sayi fili, ya dasa itace, ya aurar da 'yarsa ga ɗan gari, to, lissafi ya sāke.

Sa'ad da zango ya zama gida

Babu inda wannan ya faru kamar ƙasar Sudan. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Sa'an nan a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman auduga na Jazira, wanda yake bukatar hannaye masu yawa. Maniyyatan da suka zo wucewa suka sami aikin tsinkar auduga, birnin Madani da ƙauyukan da ke kewaye da shi suka cika da Hausawa.

Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da waɗannan mutane, ya fitar da littafi a 1995. Abin da ya tarar shi ne, har jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fito suna ɗaukar kansu maniyyata ne da ke kan hanya, ko da yake a can aka haife su, kuma da yawansu ba su taɓa ganin Makka ba. Ni ma na ga kwatankwacin haka sa'ad da nake karatu a Hartum. Na taɓa zama da wani dattijo wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta, ya ce mini kakansa daga ƙasar Gaya ya fito. Na tambaye shi ko yana sha'awar zuwa ya ga garin kakan nasa. Sai ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ai ba a komawa ba a isa ba.” Shekarunsa sun haura saba'in, amma a wurinsa tafiyar da kakansa ya fara ba ta ƙare ba tukuna. Kun ga inda maganar niyya ta komo.

Kada daɗin labarin ya rufe mana ido ga barin da aka yi. A gida akwai matar da ba ta san ko mijinta yana raye ba. A Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Akwai gādon da aka kasa rabawa, da gonar da dangi suka yi ta shari'a a kanta, da 'ya'yan da suka tashi ba su san fuskar ubansu ba. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A can kuma akwai matsalar zama ɗan ƙasa. Dokar Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun kafin 1898, alhali yawancin mutanenmu bayan haka suka iso. Ko da yake an sassauta dokar daga baya, tabon kiran mutum baƙo bai goge ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan maganar sarauta da ƙasa, aka yi asarar rayuka masu yawa. A ran 15 ga Afrilu, 2023 kuma yaƙi ya tashi a Hartum, ya kai Madani a watan Disamba na wannan shekara. Gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗalibanta masu fasfo. Amma jikan maniyyacin da ya ƙetare kogin nan namu shekara ɗari da suka wuce, wace takarda zai nuna, kuma a wane ofis?

Halin da ake ciki

Tun daga shekarun 1950 mota da jirgin sama suka fara rage wa hanyar ƙafa jama'a. Sunan Wapa da ke Fagge ma daga kamfanin jigilar alhazai na wancan zamani ya samo asali. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai, a 2006 kuma aka kafa wadda take aiki yanzu. Tafiyar da kakanninmu suke yi cikin shekaru, yau awa biyar ce ko ƙasa da haka.

Sai dai dogon zama a zango bai ƙare ba, kamanni ya sāke. Kalmar takari, wadda asalinta sunan da Larabawa suke kiran mutanen yammacin Afirka ne, yau a bakinmu ta koma nufin wanda ya je Umra ya ƙi komowa, yana ɓuya a lungunan Makka da Jidda, yana gudun kame. Matasanmu kuma suna bin hanyar arewa, su zauna Agadas suna tara kuɗin mota, su zauna Sabha suna tara na gaba. Mai masauki yana nan, bashi yana nan, cewa “sai baɗi” tana nan. Bambancin shi ne, mutumin dā yana da sana'a a hannunsa da jama'ar da ta san asalinsa, kuma iyakokin ƙasashe ba su yi tsauri kamar yau ba. Na yanzu kuwa sau da yawa wani ejan ne yake riƙe da fasfonsa, kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Kammalawa

Ba na zo in hana kowa tafiya ba ne, ni kaina da tafiya na sami ɗan abin da na sani, kuma Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Abin da nake roƙon ɗalibai shi ne, duk wanda zai fita ya fita da sana'a ko ilmin da zai ci da shi, ya riƙe takardunsa a hannunsa, ya san wanda zai sauka wurinsa tun kafin ya tashi, ya kuma yanka wa kansa wa'adi. In wa'adin ya cika, ya zauna ya tambayi kansa tsakani da Allah: ni matafiyi ne ko mazauni? In mazauni ne, to, ya gyara zamansa bisa dokar ƙasar, ya sanar da gida, ya sauke haƙƙin iyalinsa. Abin da ya fi cutarwa shi ne mutum ya shekara ashirin bai tafi ba, bai zauna ba.

Ku kuma ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da na kotuna, wata rana wani zai tsaya gaban teburinku, Hausarsa da karin Larabci, ya ce kakansa mutumin Garko ne ko Sumaila, yana neman shaidar asali. Kada ku kore shi, kada kuma ku sa hannu da ka. Ku aika wurin dagaci da dattawan garin, domin a ƙauyukanmu har yanzu akan sami tsohon da ya ji labarin wane da ya tafi gabas bai komo ba. Jami'o'inmu ma suna da aiki a nan, na ɗaukar irin waɗannan labarai daga bakin tsofaffi tun suna da rai.

Allah ya kai kowane matafiyi inda ya nufa, ya komo da shi gida lafiya.